A binciki takardar gwajin maye kafin a yanke wa direban jirgin ƙasa hukunci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shekara 28 na yi ina aikin ɗakin gwaje-gwaje kafin in yi ritaya, kuma gidana na Sabon Gari, ba nisa da tashar jirgin ƙasa ta Zariya. Ba na goyon bayan mai maye ya ja jirgi ɗauke da ɗaruruwan rayuka, ko kusa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar takardar gwajin maye da ake yi wa direbobin jirgin ƙasa a kotu kamar saukakken wahayi.

Gwajin fitsari yana nuna abin da mutum ya sha a baya ne, ba halin da yake ciki lokacin aiki ba. Alamar wiwi kan daɗe makonni a jikin mai yawan sha. Kodin, wanda gwamnati ta haramta maganin tarinsa a 2018, jiki yana juya wani ɓangarensa zuwa wata ƙwayar mai suna mofin, don haka gwaji zai iya nuna mofin ko da mutum bai sha shi ba. Gwajin gaggawa kuma yakan yi kuskure, shi ya sa tilas a tabbatar da shi da na'ura mafi inganci.

Don haka ya kamata lauya ya tambaya: wa ya karɓi samfurin fitsarin, an manne kwalbar a gaban mai ita, hannu nawa ta bi? An raba shi biyu don a sake gwadawa? Na'urar auna giya a numfashi, yaushe aka saita ta? Da idona na ga kwalabe sun wuni cikin zafin Afrilu babu firij.

Ina roƙon alƙalai, musamman na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, su riƙa kiran wanda ya yi gwajin ya zo ya amsa da bakinsa.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji,
Sabon Gari, Zariya