Amsar ping ba ita ce shaidar layi yana lafiya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ƙannena masu shigowa aikin na'urorin sarrafa injina a masana'antu, wato PLC, domin yadda ake gwada haɗinsu da sauran na'urori yana damuna ƙwarai.

Da an ce allon sarrafawa ya daina ganin PLC, sai ka ga yaro ya jona laftof ya buga ping, wato gwajin ko na'ura tana amsawa a layi, amsa ta dawo, shi kenan ya naɗe wayarsa ya ce layi lafiya lau. Wallahi ba a gama ba, yanzu ma aka fara. Ping ɗin nan da Mike Muuss ya rubuta tun 1983 ɗan saƙon gwaji mai suna ICMP kawai yake turawa ya jira a maido masa, kamar ka ƙwanƙwasa ƙofa ne a amsa daga ciki, ka san akwai mutum amma ba ka san ko yana jin yarenka ba. Ita maganar aiki ta ainihi hanyarta daban, kowane yaren na'ura da ƙofarsa, Modbus TCP tana bi ta ƙofa mai lamba 502, na'urorin Siemens S7 ta 102, EtherNet/IP kuma 44818 da 2222, to in katangar tsaro, wato manhajar da ke tace saƙonni, ta toshe waɗannan ko ba a kunna su a saiti ba, ping zai yi ta amsawa har gobe, injin kuwa yana nan tsaye.

Wanda ya fi tayar mini da hankali ma, wani lokacin ba na'urar da kake nema ce ta amsa ba. A canza wata na'ura da daddare cikin gaggawa a ba ta adireshin IP da wata take riƙe da shi, sai layi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, kowa ya ɗora wa kebul laifi. Ka duba teburin ARP a laftof ɗinka, inda ake ganin lambar MAC, wato lambar shaidar na'urar da ta amsa, ka gwada ta da wadda ke rubuce a jikin na'urar, ko in injin ba ya aiki ka zare wayar PLC ɗin ka sake bugawa, in har yanzu ana amsa maka to ka kama ɓarawon.

Shiru kuma ba mutuwa ba ne. Kwamfuta mai Windows sau da yawa ba ta amsa ping saboda katangarta, sabuwar na'ura mai yaren PROFINET kuwa tana iya zuwa ba IP sam, da lambar MAC ɗinta ake gano ta a ba ta suna. Laftof ɗinka yana 192.168.0.5 ita tana 192.168.1.5 a ƙarƙashin 255.255.255.0, wato kowa rukuninsa daban, ina za su haɗu in ba rauta mai haɗa rukunan a tsakani?

Shi ya sa nake cewa a fara daga ƙasa. Fitilar jikin soket tana ci? Kebul ɗin bai wuce mita 100 ba? Ba a kwantar da shi gefen wayar babban injin lantarki ko inbata ba? Kuma a bar ping ya daɗe yana gudu har manyan injina su tashi, a nan ne ake ganin saƙonni suna ɓacewa.

Sai gargaɗi, don Allah kar wanda ya saki Nmap, manhajar da ke ƙwanƙwasa ƙofofin na'urori, a layin da ake cikin aiki ba tare da izinin mai kula da wajen ba, tsofaffin PLC suna iya sanƙarewa da yawan tambaya, kuma akwai mutane tsaye kusa da waɗannan injina. Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke bin layi, ya fi aminci tunda saurare kawai yake yi.

Su kuma shugabannin masana'antu ina roƙonsu su sa a rubuta adireshin kowace na'ura da lambar MAC ɗinta a ajiye kwafi cikin akwatin wutar, duk wanda ya canza wani abu ya gyara takardar kafin ya tashi daga aiki.

Na gode.

Naku,
Wani mai gyaran na'urorin masana'anta