Roƙon Tallafi Domin 'Ya'yanmu Masu Karatun Jinya a Jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata, wannan saƙo ne daga kwamitin masallacin unguwarmu da islamiyyar da ke ƙarƙashinsa.

Bana Allah Ya ba yaranmu huɗu gurbin karatun digirin jinya a Jami'ar Bayero, 'yan mata uku da saurayi ɗaya. Dukkansu a kan tabarmar islamiyyar nan suka yi sauka, biyu daga cikinsu kuma marayu ne. Wanda ya san yadda ake rububin wannan fanni a jarrabawar JAMB ya san ba da wasa suka kai nan ba. Sun yi nasu. Abin da ya rage kuɗi ne, shi ya sa muka zo gare ku.

Kusan kowane gida a nan yana da labarin daren da aka ɗauki mai naƙuda a adaidaita sahu, aka isa asibiti aka tarar da nas ɗaya tana fama da ɗaki guda cike da mata, wannan na zubar jini, waccan jijjiga ta kama ta. Mukan fito muna cewa ma'aikatan ba su da kirki. Wani lokaci da gaskiyarmu, amma sau da yawa gajiya ce, mutum ɗaya ke ɗauke da aikin mutane da yawa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa a Najeriya suke. Ga shi ƙwararrun da muke da su wasu na ta tafiya Ingila da Saudiyya neman albashi mai tsoka. Jiharmu ta Kano da ke da ƙananan hukumomi 44, kuma ake kawo mata marasa lafiya daga Jigawa, Katsina har da Nijar, ba za ta wadatu da 'yan hannun da suka rage ba.

Akwai kuma maganar da mu magidanta muka fi yawan yi, cewa ba ma son namiji ya duba mana iyali. To mace mai duba su daga ina za ta fito, idan ba mu tura 'ya'yanmu sun koyo ba? Aikin nan yana da asali a addininmu. Rufaida Al-Aslamiyya tanti gare ta a masallacin Manzon Allah (SAW) inda take jinyar waɗanda aka raunata, can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Wasu sun tambaye mu me ya sa sai jami'a, alhali ga makarantun jinya a cikin gari da Madobi, ga ta unguwarzoma a Dambatta. Muna girmama su ƙwarai, su suka riƙe asibitocinmu shekara da shekaru. Sai dai makarantun nan ma suna buƙatar malamai, kuma masu digiri ne ke komawa su koyar, su shugabanci sassa a asibiti. Yarinya ɗaya da ta kammala tana iya horar da ɗaruruwa a bayanta.

Karatun shekara biyar ne, a ciki har da jarrabawar hukumar ma'aikatan jinya da unguwarzoma ta ƙasa, sai shekarar sanin makamar aiki. Kuɗin rijista kaɗai ba shi ne nauyin ba. Akwai yunifom, littattafai, abin awon hawan jini, da kuɗin mota kullum zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya idan an fara shiga ɗakin marasa lafiya. Wannan kuɗin motar, da ake gani kamar ba komai ba, shi ke fara zaunar da ɗalibi a gida. Mun sa su nemi bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka fara bayarwa a 2024, amma bashi ne, kuma ba zai rufe komai da komai ba.

Don haka abin da muka fi so shi ne alkawarin wata-wata, ko da ɗari biyar ce, maimakon a tara sau ɗaya a manta. Alhazanmu na Kantin Kwari, Singa da Dawanau, wanda Allah Ya hore wa zai iya ɗaukar ɗalibi guda kacokan. Hajiyoyi masu adashi, a ware musu kwasa ɗaya. Mai son bayar da zakka ya fara tuntuɓar Malam Liman.

Kuɗin rijista kai tsaye za a biya wa makaranta, ba a hannun kowa zai kwana ba, kuma duk bayan wata uku za a karanta lissafi bayan sallar Juma'a. Yaran sun yi alkawarin komawa su yi aiki a asibitocin jihar nan idan sun gama. Ma'aji zai zauna da littafin rasit a ƙofar masallaci ranar Juma'a, mata kuma su miƙa wa shugabar islamiyya ranar Asabar da safe. Lambar asusun banki tana manne a allon sanarwa.

Allah Ya saka da alheri, Ya sa a mizani.

Kwamitin masallaci da islamiyya