Wasiƙa zuwa ga ɗana kan kuɗin ciyar da yara

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta gaya mini an sa muku ranar zama a kotu kan kuɗin ciyar da yaran, kuma wai wani abokinka ya ce ka ajiye aiki na ɗan lokaci don a rage maka. Wannan ce ta hana ni barci har na zauna rubuto maka.

Alƙali ba da ka yake yanke adadin ba. Zai fara da tambayar nawa kake samu, uwar yaran ma nawa take samu: albashi, alawus, kuɗin haya, ribar sana'a, duk ana tarawa. A wasu ƙasashe kaso ake cirewa daga samun wanda yaran ba sa hannunsa. A Ingila, ga mai matsakaicin samu, kashi 12 cikin 100 ne na yaro ɗaya, 16 na biyu, 19 na uku zuwa sama. Yawancin jihohin Amurka kuwa haɗa samun iyayen biyu suke yi, a ƙiyasta abin da za a kashe wa yaran da kuna tare, kowa ya ɗauki gwargwadon ƙarfinsa. Kuɗin makaranta da na asibiti ma ana dubawa.

Ana kuma ƙirga kwanakin da yaro ke yi wajenka. A Ingilan dai, in ya kwana 52 a shekara, ana sauke maka kashi ɗaya cikin bakwai. Amma don Allah kada in ji ka koma lissafin kwanan jikokina saboda rangwame.

Shawarar abokin naka kuwa, alƙalai sun daɗe da sanin wannan dabarar. Wanda ya bar aiki da gangan, sau da yawa a kan abin da zai iya samu ake yi masa lissafi, ga mutuncinsa ya zube a banza. Na san ranka a ɓace yake da ita, ban kuma ce ba ka da dalili ba. Sai dai kuɗin nan haƙƙin yaran ne, ta hannunta kawai zai bi.

In samunka ya ragu da gaske wata rana, koma kotu a sake dubawa. Kada ka rage da kanka, domin bashi ne zai taru a wuyanka.

Ka tafi da takardun albashinka da bayanan banki, ka riƙa ajiye shaidar duk abin da ka biya. Ranar zaman ka biyo ta nan, tare za mu je.

Mahaifinka