Zuwa Ga Ummi, Kan Maganarmu Ta Ranar Juma'a

Assalamu alaikum.

Ummi, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona. Babanku yana gaishe ki.

Na rubuto ne saboda ranar Juma'a kuka ya ci ƙarfinki a waya, ni kuma katina ya ƙare ban faɗi abin da ke raina ba. Kin ce kina tashi sallar dare, kina azumin Litinin da Alhamis, ba ki fasa zuwa hadda ba duk da yawan lacca, amma gidan ba daɗi. Ga ƙawarki 'yar ajinku da ba ta kai ki ibada ba, tana zaune lafiya da mijinta. Har kika ce ko Allah bai karɓa ba ne.

Wannan kalmar ki yi mata istigfari. Ƙawarki kuma ki bar ta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Addini yana gyara aure, a kan wannan ba ni da ja. Na gani a ɗakina, na gani a ɗakunan wasu. Tsoron Allah ne ke hana mace yi wa miji ƙarya kan kuɗin makaranta, shi ke hana namiji wulaƙanta matarsa don ta fi shi karatu. Sai dai nafila tsakaninki da Ubangijinki ce, haƙƙin wanda kike zaune da shi kuwa lissafinsa daban.

Kin san labarin Salmanul Farisi da Abu Darda'i, amma bari in tuna miki. Salman ya kai ziyara, ya tarar da Ummu Darda'i, matar Abu Darda'i, ba kwalliya ba gyara. Ta ce masa ɗan'uwanka ba ya da buƙatar duniya: rana azumi, dare tsayuwa. Salman ya ƙi cin abinci sai da ya sa shi ya karya azumin, da dare kuma ya hana shi tashi sai can ƙarshe. Ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma haka, ka ba kowa nasa. Da maganar ta kai gaban Manzon Allah (SAW), sai ya ce Salman ya yi gaskiya. A wancan gidan namiji ne ya zarce. A naku, ki yi haƙuri da ni, ina ganin ke ce.

Lissafa da kanki. Kin bar Hotoro da sassafe, kin bi adaidaita sahu har makarantarku a titin Gwarzo, kin dawo gab da magariba a gajiye. Girki, wankan yaro, bitar darasi, ƙarfe uku kuma kina kan darduma. A ina mutumin nan ya samu ko rabin awa ya ji yadda kika wuni, ke ma ki ji nasa? Azumin nafilar ma, hadisi ya nuna mace ba ta yin sa mijinta yana gari sai da izininsa. Kin tambaye shi? A zangon jarrabawa ki riƙe farilla da azkar ɗinki, ki rage sauran. Hutu na nan tafe.

Ni ma na yi irin wannan. Ina kwalejin horon malamai da yayanki a goye, na ɗauka in dai ina ibada kuma tuwo ya sauka kan lokaci, na sauke nauyi. Kusan wata biyu muka yi da Babanku ba abin da ke haɗa mu sai sannu da zuwa. Marigayiya Inna ce ta zo kwana uku ta lura, ta ja ni uwar ɗaka ta ce, "Ke, mutum kika aura ko tukunya?"

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa 'yan mata a Islamiyya ba. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta je gaban Annabi (SAW) ta ce ba ta zargin mijinta a addini ko a hali, amma ba za ta iya zama da shi ba. Aka ce ta mayar masa da gonarsa, ya sake ta. Ba ina kira miki rabuwa ba ne, Allah ya kiyaye. So nake ki gane mutane biyu masu addini na iya rasa daɗin zama. Aya ta 21 a Suratur Rum natsuwa ta ambata, da soyayya, da jin ƙai. Waɗannan shuka ne, sai da ban ruwa.

Maigidanki ma akwai nasa. Da bakinsa ya yi wa Babanku alkawarin za ki ƙarasa karatu. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, to riƙe yaro daren jarrabawa ba zai rage masa girma ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, a gidan Waziri Giɗaɗo ta yi rubuce-rubucenta, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru ta tura malamai mata da ake kira jaji karantar da mata a ƙauyuka. Ki faɗa wa maigidanki buƙatarki bayan ya ci abinci, murya ƙasa, ba a bakin ƙofa yana shirin fita ba.

In kuwa akwai abin da kika ɓoye mini, duka ko zagi ko hana abinci, wannan ba wurin haƙuri ba ne. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da kuma daga danginki. Kawunki yana nan, ki kira ni ko tsakar dare ne.

Na ba direban da ke zuwa Kano ranar Talata kuka da daddawa da man shanu, da yajin da maigidanki ya yaba wancan zuwan. Ki aiko mini da jadawalin jarrabawarku. In Babanku ya amince zan turo ƙanwarki ta riƙe miki yaron har ku gama.

Wassalam,
Mamanki