Zuwa ga Abba, kafin ka tafi Rameswaram

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan Kano lafiya lau, sai sanyi da ƙurar hunturu.

Ummanka ta faɗa mini abokin ɗakinka ya gayyace ka ka raka shi da iyayensa Rameswaram, can kudancin Indiya, kwana uku. Hankalinta bai kwanta ba, tana cewa me zai kai ɗan Musulmi garin ziyarar mabiya addinin Hindu. Na ce mata ta bar ka ka je. Mutanen da suka ciyar da kai a gidansu lokacin hutu, suka kwana a kanka ranar da zazzaɓi ya kayar da kai, ba a watsa musu ƙasa a ido. Amma na ga gara in rubuto maka, don maganar waya takan bi iska.

Na taɓa zuwa garin. A 2018 ne, lokacin da na kai Baffanka asibiti a Madurai, likita ya ce mu jira kwana goma kafin a sallame mu. Daga Madurai kusan kilomita 170 ne. Rameswaram yana kan tsibirin Pamban, sai an tsallaka teku. A lokacin tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta 1914 ce ke aiki, tsawonta kamar kilomita biyu, jirgin yana rarrafe a kanta, ruwa dama da hagu, iska na shigowa ta taga da gishiri a cikinta. Na yi salati ban san adadi ba. An rufe waccan gadar, an buɗe sabuwa a Afrilun 2025, ita za ku bi. Daga tashar Egmore ta Chennai akwai jirgin dare, ku kwana a hanya ku wayi gari a can. Ku sayi tikiti tun yanzu. Ka kuma tambayi abokinka ranar: idan ta faɗo a daren da wata ke ɓacewa, wanda suke kira Amavasai, musamman a watansu na Thai da ke kamawa tsakiyar Janairu, jama'a sukan cika garin maƙil, masauki ya yi wuya ya yi tsada.

Fasfo ɗinka da takardar izinin zama su kasance a jikinka. Kowane masauki sai ya yi rajistar baƙon da ba ɗan ƙasa ba, akwai kuma ƙananan da ba sa karɓar irinmu sam saboda wannan, don haka a buga waya a tabbatar kafin ku tashi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wurin nan a gun su ba wurin yawon shaƙatawa ba ne. Yana cikin wurare huɗu mafi girma da suke kai wa ziyara, tare da Badrinath da Dwarka da Puri, wani tsoho ma shekara da shekaru yake tara kuɗin zuwa. Da asuba na fita bakin ruwan da suke kira Agni Theertham, dab da babban ɗakin bautarsu na Ramanathaswamy. Na ga wani mutum sa'ana zaune a kan yashi ba riga, malamin addininsu a gabansa yana karanta masa wani abu yana maimaitawa, ga dunƙulen dafaffiyar shinkafa a jere kan ganyen ayaba. Hawaye na bin kumatunsa bai share ba. Na tambayi mai shayin da ke kusa, ya ce mini don mahaifinsa da ya rasu yake yi. Ban yarda da abin da yake yi ba, kai ma ka san haka, amma kukan na gane shi, don a lokacin kakanka bai cika shekara da rasuwa ba. Wayata tana hannuna na mayar da ita aljihu. Abin da nake so ka yi ke nan. Kada ka ɗauki hoton mai ibada, kada ka tura wa abokanka na gida ku mai da shi abin dariya. Ka koma Suratul An'am, aya ta 108, ka ga yadda aka hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa.

Girmama mutane daban, shiga ibadarsu daban. A cikin ɗakin bautar akwai rijiyoyi 22, ana jan ruwa da guga ana kwara wa masu ziyara a ka ɗaya bayan ɗaya, za ka gan su suna fitowa jiƙe sharkaf. Wannan nasu ne. Kai ka tsaya daga waje, ka kalli hasumiyar, ka jira su a inuwa. Su kansu ba sa son a kutsa musu: a Janairun 2024 babbar kotun Madras ta ba da umarnin a kafa alluna masu cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tutar da ke farfajiya. Idan mahaifiyar abokinka ta fito ta miƙo maka toka ta goshi ko abincin da aka gabatar wa abin bautarsu, da zuciya ɗaya ta yi, alheri take nufi. Ka sa hannu a ƙirji, ka rusuna, ka yi godiya, ka ce addininka bai ba ka dama ba. Mafi kyau ma ka yi wa abokinka bayani tun kuna cikin jirgi, shi kuma ya faɗa wa iyayensa, don kada tsohuwa ta ji kunya a gaban mutane.

Sallarka kuma kada ta zama abin ɓoyo. Kai matafiyi ne, kana da ƙasaru, kwana uku bai kai a cika ba. Akwai Musulmi a garin tun kaka da kakanni, da masallatansu. A nan aka haifi Abdul Kalam a 1931, masanin harkar roka da ya shugabanci Indiya daga 2002 zuwa 2007. Mahaifinsa Jainulabdeen limamin masallaci ne, kuma yana da jirgin ruwa da yake ɗaukar masu ziyarar nan ta Hindu. Liman ne yana limancinsa, yana kuma tsallakar da maƙwabtansa zuwa wurin ibadarsu, bai bar nasa ba, bai hana su nasu ba. Gidansu yana kan Titin Masallaci, an mai da wani sashe gidan tarihi, kabarinsa kuma yana Peikarumbu a bakin gari. Ka je ka yi masa addu'a. Za kuma a nuna maka wasu dogayen kaburbura a ce na Habila da Ƙabila ne. Maganar mutanen wurin ce, ka ji ka wuce.

Abinci ba matsala. Kusa da ɗakin bautar duk na ganye ne, idli da dosa da shinkafa a kan ganyen ayaba, ka ci da hannun dama kamar a gida. Ruwa dai na gora.

Abin da ke hana ni barci shi ne teku. Na san za ku je Dhanushkodi, kamar kilomita 20 daga garin, inda ƙasa ke sirancewa har ta ƙare. Ta hannu ɗaya ruwan kwance yake kamar tafki, ta ɗaya hannun kuwa igiya ce mai ja. A daren 22 ga Disamban 1964 guguwa ta shafe garin Dhanushkodi, ta tafi da jirgin ƙasa guda da mutum sama da ɗari a ciki. Na tsaya a kangon cocin da ya rage da ragowar tashar jirgin, yashi ya cinye rabin bango, ba ka jin komai sai iska. Abba, iyon da ka koya a Tiga ba shi ne wannan ba. Ruwa kada ya wuce maka idon sawu, ko da abokai sun yi maka tsiya. Kada ka hau kwale-kwalen wanda ya ce zai nuna maka Siri Lanka, don iyaka ce a kusa, masuntan wurin ma sojojin ruwan can suna kama su, balle kai baƙo. Ku juyo tun rana na sama.

Na sa a tura maka ɗan abin da za ka riƙe. Ka saya wa iyayen abokinka wani abu a hanya, ko 'ya'yan itace ne, kada ka bari su biya maka komai da komai. Idan jirgi ya hau gadar ka kira Ummanka ta bidiyo ta ga ruwan, na ba ta labarinsa ya fi sau goma. Ƙannenka suna gaishe ka, Hajiya ma ta ce a sa maka albarka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka