Barka da Sallah daga Landan, da Labarin Kwallin Aljanu

Assalamu alaikum Umma,

Barka da Sallah, da fatan an yi layya lafiya. Ina gaida Baba, da Goggo, da su Yaya da yaransu. Auta, na san ke ce mai karanta wa Umma, to ban da tsallake layi.

Mun yi idi da safe a masallacin Old Kent Road, inda 'yan Najeriya suka fi taruwa. Daga nan kowa ya kama gabansa, wasu ma wurin aiki suka wuce da shaddarsu. Nan doka ba ta yarda a yi yanka a gida ba. Mahauci ake biya, bayan kwana biyu a je a karɓo nama a leda. Ba ƙauri, ba hayaƙi, ba yaro mai laɓaɓowa ya saci hanta. Yaya ya turo mini hoton ragon da na aiko kuɗinsa, na ga ƙahon ya fi tsokar yawa, amma Allah ya karɓa.

Umma, bari in ba ki labarin inda ƙafata ta kai ni makon jiya. Yanzu rana ba ta faɗuwa a nan sai tara na dare ta gota, sai wata abokiyar aikina ta ja ni kallon wasan kwaikwayo a gidan wasa na Gulob, bakin Kogin Tems. Gini ne zagayayye na katako, da rufin ciyawa kamar bukkokin garin su Goggo, tsakiyarsa kuma a buɗe take. Tun kafin babbar gobarar da ta ci Landan a 1666 aka hana rufin ciyawa a birnin, amma shi an ɗaga masa ƙafa. Na asalin an gina shi a 1599, ya ƙone a 1613 saboda wata igwa da aka harba ana tsakar wasa, wannan kuwa a 1997 aka buɗe shi. Mu masu tikitin araha a tsaye muka yi kallo, yayyafi ya sauko, kuma ba a yarda a buɗe lema ba.

Wasan na Wiliyam Shekisfiya ne, ya rubuta shi wajen 1595. In aka juya sunan da Hausa, Mafarkin Daren Tsakiyar Bazara ke nan. Na shiga da zaton zan ga abin Turawa zalla, sai ga maganar auren dole. Wani dattijo a birnin Athens na Girka ya ja 'yarsa Hamiya gaban sarki. Ya zaɓa mata Dimitiriyas, ita kuma ta kafe sai Lisanda. Tsohon ya rantse sihirce ta yaron ya yi, da waƙoƙi a farin wata, da zobe, da alewa. Sarki ya ce ta zaɓi ɗaya: ko ta bi umarnin uba, ko a kashe ta, ko ta ƙare rayuwarta ba aure. Sai ita da Lisanda suka gudu daji cikin dare. Dimitiriyas ya bi sawunsu, wata Helina da ke mutuwar sonsa ta bi nasa sawun, yana korarta tana ƙara manne masa.

Dajin kuwa na aljanu ne, irin gindin tsamiyar da kike hana mu zuwa da tsakar rana. Sarkinsu Obaron da matarsa Titaniya suna gaba a kan wani yaro ɗan Indiya da ta hana shi. Don ya rama, ya aiki baransa Robin, wani shaƙiyyin aljani, ya tsinko masa wani fure. In aka ɗiga ruwansa a fatar idon mai barci, duk abin da ya fara gani da ya farka, shi zai so kamar ransa. Umma, wannan ai shi ne kwallin da ake ta raɗe-raɗin matan unguwa na karɓowa wurin boka! Dariya ta kama ni ni kaɗai, Baturiyar da ke gefena tana ta dubana.

Obaron ya ji tausayin Helina, ya ce a ɗiga wa Dimitiriyas shi ma. Garin neman gira aka rasa ido, Robin ya ɗiga wa Lisanda. Da aka zo gyara, samarin biyu duka suka koma kan Helina. Ita ta ɗauka ba'a suke mata, Hamiya kuma ta tashi za ta yakushe mata ido. Ita uwargida Titaniya da ta farka, da wani masaƙi ta fara tozali, wanda Robin ya ƙwaƙuba wa kan jaki. Sarauniyar aljanu guda tana shafa masa kunnuwa, barorinta na sosa masa kai, shi kuwa ba abin da yake nema sai harawa. Masaƙin nan da abokansa, kafinta da tela da mai gyaran mazugi da sauransu, wasa suke koyo don bikin sarki. Ɗaya ya fito a matsayin bango, ɗaya zaki ne mai ba mata haƙuri kada su tsorata. Na tuna wasan Tashe da Yaya ya yi da gemun auduga har ya faɗo masa a ƙofar gidan mai unguwa.

An ƙare da aure uku, ana ta tafi. Amma wani abu ya tsaya mini a rai har na hau jirgin ƙasa. An karya asirin kowa, ban da Dimitiriyas. Da kwallin a idonsa aka ɗaura masa aure da Helina. Kowa na murna, ni kuwa ina tunanin ranar da maganin zai sake shi, yarinyar nan ta ga ainihin wanda ta aura. Ita Hamiya, wadda uba ya ce an sihirce, ita ce ba a taɓa ɗiga wa komai ba. Yadda ta shiga daji da sonta, haka ta fito da shi, har sarki da kansa ya danne maganar uban ya aura mata wanda take so.

Auta, daga nan ki miƙa wa Yaya takardar.

Umma, kin san inda na dosa. Na ji Baba ya ce malamin makarantar nan asiri ya yi wa Auta, shi ya sa ba ta ko ɗaga ido ta dubi ɗan gidan Kawu. Ni ban isa in ja da Baba ba, zumunci yake so ya ƙulla, na sani. Amma shekara uku ke nan yarinyar nan maganarta ɗaya, kuma ban ji an ce yaron ya taɓa tsallake soro ba. In akwai abin tuhuma a kansa, a bincika asalinsa da sallarsa da sana'arsa, yadda aka yi wa mijin Anti. Ki taya ni lallaɓa Baba ya jinkirta karɓar goron gidan Kawu har in zo a watan Disamba. Zan kira shi da kaina bayan hawan Daushe, in baƙi sun ragu ya samu sararin saurarona.

Kada a aiko mini da soyen naman nan, ba a barin nama ya shigo ƙasar, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Yajin Goggo da turaren wuta kawai nake so, in an samu mai tahowa. Goron sallar yara yana wurin Yaya, a tabbatar ya raba.

Ɗiyarki,
daga Landan