Amsa ga Baba Malam kan madubai biyu a sararin samaniya

Assalamu alaikum Baba Malam,

Ranar Asabar, a taron tsofaffin ɗalibai nan Katsina, ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: tunda an harba madubin hangen nesa na James Webb a 2021, me kuma masana ke nema da suke son a harba madubai biyu a haɗe? Kiran Magariba ya katse mu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Baba, ka san murhu bayan an sauke tukunya. Ido bai ganin wuta, amma ka miƙa tafin hannu sai ka ji ɗumi. Inda ake haihuwar taurari ma haka ne. Ƙura ce da iskar gas mai tsananin sanyi, tana rufe ido kamar hazon hunturu idan ya haɗiye Hasumiyar Gobarau. Ɗan hasken da take fitarwa mai dogon zango ne, maikuron 100 ko fiye (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Webb kuwa iyakarsa wajen 28. Daga ƙasa ba a ma maganarsa, tururin ruwan da ke cikin iska ke shanye shi.

Turawa sun gwada da madubin hangen nesa na Herschel a 2009, faɗinsa mita 3.5. Ya gano tururin ruwa a faifan ƙurar da ke kewaye da tauraron TW Hydrae, sai dai hotunansa dishi-dishi, don iya tsawon zangon haske, iya faɗin madubin da ake bukata. Wace roka ce za ta ɗauki madubi mai mita 30?

Dabarar ita ce a kafa ƙananan madubai biyu nesa da juna, a haɗa haskensu wuri guda, sai kaifin ganin ya zama na madubin da faɗinsa ya kai tazarar da ke tsakaninsu. ALMA, cibiyar hangen taurari a Chile mai faranti 66, haka take yi, a zangon da iska ke bari ya wuce. A 2014 ta nuna zobba a faifan ƙurar tauraron HL Tauri, kamar shatin ƙwarya a kan rairayi.

Masanan NASA sun zana SPIRIT, madubai biyu a kan sanda mai mita 36. Har yau a takarda yake, kuma ban ga laifin mai jan ƙafa ba. Sanyaya na'urar kaɗai aiki ne ja. Herschel ma ƙarewar ruwan hiliyam mai sanyaya shi ce ta tsayar da shi a 2013. Amma ni burina in ga a wane zobe ruwan yake zaune kafin ƙurar ta dunƙule ta zama duniya.

Idan Allah ya kai mu taro na gaba, zan zo maka da hoton HL Tauri a waya.

Ɗalibinka na aji uku.